GASKIYAR MAGANA GAME DA FULBIK ASID DA LAFIYAR JIKI

Gabatarwa

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Shi ya sa duk wanda ya zo da labarin wani sabon abu mai ƙara lafiya ba ya rasa masu sauraro. A 'yan shekarun nan wani suna ya shigo cikin tallace-tallacen da muke gani a wayoyinmu na hannu, wato fulbik asid. Wani lokaci baƙin ruwa ne a 'yar kwalba, ana ɗiga shi cikin ruwan sha. Wani lokaci gari ne ko kafso. Wani lokaci kuma baƙin danƙo ne mai kama da kwalta, wanda ake kira shilajit. Masu talla suna cewa yana ba da ƙarfi, yana wanke dattin jiki, yana gyara ƙwaƙwalwa, har ma wai yana maganin ciwon sukari da hawan jini.

'Yan'uwa ɗalibai, idan muka koma gida hutu, mu ne iyayenmu da kakanninmu za su miƙo wa kwalba su ce, "Ɗan makaranta, karanta mini abin da aka rubuta a nan." Amsar da za mu ba su tana iya sa su kashe kuɗin da ya kamata a sayi abinci da shi, ko ma su ajiye maganin da likita ya rubuta musu. Don haka ya dace mu san mene ne wannan abu, daga ina ake samo shi, me bincike ya nuna a kansa, da kuma haɗarin da ke tare da shi.

Mene ne fulbik asid?

Idan ganye ya faɗi ƙasa, ko ciyawa ta mutu, ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan yi ta cinye su har su ruɓe. Abin da ya rage bayan shekaru shi ne yake sa ƙasar gindin bishiya da ta tsohuwar bola ta yi baƙi ta yi laushi. Masana kimiyyar ƙasa suna da hanyar da suke rarraba wannan baƙin abu a ɗakin gwaje-gwaje. Da farko sukan girgiza ƙasar cikin ruwan soda mai ƙarfi, sai wani sashe ya narke, wani kuma ya ƙi narkewa. Wanda ya ƙi narkewa shi ake kira humin. Daga nan sai su tace ruwan, su zuba masa asid mai ƙarfi. Wani baƙin abu zai kwanta a gindin kwalba, shi ne humik asid. Ruwan da ya rage a sama, mai launin rawaya kamar shayin da bai dahu sosai ba, abin da ke narke a cikinsa shi ne fulbik asid. Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sven Oden ne ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1919, daga wata kalmar Latin da take nufin rawaya.

Akwai abu guda da ya kamata mu riƙe a nan. Gishirin da muke sa wa miya sinadari ɗaya ne, ko a Kano aka saye shi ko a Landan. Fulbik asid kuwa suna ne na taron dubban sinadarai da suka haɗu wuri guda, kuma haɗin yakan bambanta bisa ga irin tsirran da suka ruɓe da irin ƙasar da suka ruɓe a ciki. Sunan ya yi kama da kalmar "miya". Miyar kuka miya ce, miyar taushe ma miya ce, amma wanda ya ɗanɗana ɗaya ba zai ce ya san ɗayar ba. Haka nan kwalabe biyu za su iya ɗauke da suna ɗaya, abin da ke cikinsu kuwa ya sha bamban.

Dukanmu mun taɓa ganin wannan abu ko da ba mu san sunansa ba. Ruwan kududdufin da ganye ya daɗe a ciki yakan koma launin shayi saboda shi da 'yan'uwansa. A ƙasar Burazil akwai wani babban kogi, Riyo Negiro, ma'ana baƙin kogi, wanda ruwansa ya yi duhu saboda ruɓaɓɓun ganyayen kurmin Amazon. A kusa da birnin Manaus yakan haɗu da wani kogi mai ruwan laka, su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa na kilomitoci ba su gauraya ba.

Aikinsa a gona

Babban halin fulbik asid shi ne kama ma'adanai. Yana da wurare da yawa a jikinsa da suke riƙe sinadarin ƙarfe da zink da tagulla da makamantansu, kamar yadda ƙaya take kama riga. Da yake shi kansa yana narkewa cikin ruwa, sai ya tafi da su duk inda ruwan ya bi. A gona wannan alheri ne, domin yana taimakawa a kai waɗannan ma'adanai kusa da saiwar shuka a yanayin da za ta iya zuƙa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa manomin da ke kai takin dabbobi da shara gonarsa yake ganin bambanci, kuma kamfanonin taki suna sayar da humik da fulbik asid don fesa wa shuka.

Daga nan ne masu talla suka ɗauko hujjarsu. Sukan ce tun da yana kai wa shuka abinci, to haka zai kai wa jikin mutum. Amma hanjin ɗan Adam daban yake da saiwar masara. Jikinmu yana da nasa hanyoyin ɗaukar kowane sinadari daga abinci, kuma abin da ya yi aiki a gona sai an gwada shi a kan mutane kafin a ce yana yi musu aiki. Mu kuma tuna da wannan hali na kama ma'adanai, domin za mu sake komawa kansa.

Shilajit, danƙon duwatsu

Shan wannan abu don neman lafiya ya samo asali ne daga ƙasashen Asiya. A manyan duwatsun Himalaya da ke Indiya da Nefal da Tibet, da na arewacin Pakistan, da duwatsun Altai da Kokasus, wani baƙin danƙo yakan tsattsafo daga tsagar dutse idan rana ta yi zafi. Ana ganin ragowar tsirrai ne da suka daɗe suna ruɓewa a matse tsakanin duwatsu. Mutanen Indiya suna kiransa shilajit, a Pakistan salajit, a Rasha da maƙwabtanta kuma mumiyo. A yankin Gilgit na Pakistan masu neman sa sukan ɗaura igiya su sauka jikin dutse mai tsayi su kankaro shi, aiki mai haɗarin gaske.

Tsofaffin littattafan likitancin gargajiya na Indiya, wanda ake kira Ayurbeda, irin su Caraka Samhita da Sushruta Samhita, sun ambaci shilajit a matsayin maganin ƙara ƙarfi da tsawon rai. Su kansu masu wannan gargajiya ba sa ba da shi ɗanye. Sai sun narkar da shi, sun tace, sun dafa shi, sau da yawa cikin ruwan wasu 'ya'yan itatuwa uku da suke kira tirifala, kafin su ce ya isa sha. Da masana suka bincika shilajit, sai suka tarar akwai fulbik asid da yawa a cikinsa, shi ya sa ake haɗa sunayen biyu a talla. Amma yawancin fulbik asid da ake zubawa a kwalba a yau ba daga Himalaya yake fitowa ba. Ana tatso shi ne daga taɓon fadama ko daga wani irin gawayin ƙasa mai laushi.

Me bincike ya nuna?

Gaskiya ne an yi bincike a kansa, kuma an ga wasu alamu masu ƙarfafa gwiwa. Ga kaɗan daga cikin waɗanda aka fi ambatawa.

A shekarar 2011, a Afirka ta Kudu, an gwada wani man shafawa mai fulbik asid a kan mutane 36 masu ciwon fata mai ƙaiƙayi da bushewa, na tsawon mako huɗu. Waɗanda suka shafa shi sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ba man da babu sinadarin a ciki. Sai dai shafawa aka yi a fata, kuma wannan fulbik asid ɗin a masana'anta aka haɗa shi daga abinci mai sitaci, don a kauce wa dattin ƙasa.

A wannan shekara ta 2011 kuma, masana a ƙasar Cile suka ga fulbik asid yana hana wani furotin mai suna tau dunƙulewa. Dunƙulewar wannan furotin a ƙwaƙwalwa tana cikin alamomin cutar mantuwa ta tsufa da ake kira Alzaima. Wannan gwaji a cikin kwalbar ɗakin bincike aka yi shi. Har yanzu ba a nuna cewa shan sa yana hana wa mutum wannan cuta ko ya warkar da ita ba.

A 2016, a birnin Kolkata na Indiya, an ba maza masu shekara 45 zuwa 55 tataccen shilajit, miligiram 250 sau biyu a rana, har kwana 90. An ga sinadarin maza da ake kira testostiron ya ƙaru a jininsu da kusan kashi 20 cikin 100. A 2019, a jihar Nebraska ta Amurka, an gwada shi a kan maza 63 na mako takwas, aka ga waɗanda suka sha miligiram 500 a rana sun fi riƙe ƙarfin tsokarsu bayan sun gaji. A 2022 kuma, a Indiya, an ba mata 60 da suka daina haila, waɗanda ƙashinsu ya fara rauni, na tsawon mako 48, aka ga raguwar ƙarfin ƙashi ta yi sauƙi a wurin waɗanda suka sha.

Mai karatu zai lura da abubuwa biyu. Na farko, mutanen da aka gwada ba su da yawa, daga 36 zuwa ƙasa da 100. Kafin a amince da sabon maganin asibiti, akan gwada shi a kan ɗaruruwa ko dubban mutane, rabi a ba su maganin, rabi a ba su ƙwayar da babu kome a cikinta, sannan wasu masana a wata ƙasa su maimaita su ga ko za su sami sakamako iri ɗaya. Na biyu, da dama daga cikin irin waɗannan gwaje-gwaje kamfanonin da ke sayar da kayan ne suka ɗauki nauyinsu, kuma nasu tataccen kaya aka gwada. Idan muka tuna misalin miya, sakamakon ba zai zama shaida ga kwalbar da wani ya kawo mana a jaka ba. Batun ciwon sukari kuwa, yawancin abin da ake da shi daga gwajin ɓeraye ne da na kwalba. Babu wani babban gwaji a kan mutane da ya nuna fulbik asid yana warkar da ciwon sukari, ko hawan jini, ko ciwon daji.

Mu yi ɗan lissafi

Masu talla suna yawan cewa shilajit yana ɗauke da ma'adanai 85. Duk ɗalibin da ya yi darasin kemistiri ya san cewa sinadaran asali da ake samu a doron ƙasa ba su wuce 90 da 'yan kai ba, kuma waɗanda jikin mutum yake bukata daga abinci a matsayin ma'adanai ba su kai 20 ba. Idan har da gaske abu yana ɗauke da 85, to dole a cikin lissafin akwai masu guba irin su dalma da zaiba da asenik. Ashe abin da ake alfahari da shi abin tsoro ne.

Ga wani lissafin. Babban mutum yana bukatar kusan miligiram 1,000 na kalsiyam a rana domin ƙashi da haƙori. Abin da ake sha na shilajit a rana bai fi miligiram 500 ba. Ko da a ce dukansa kalsiyam ne, rabin bukata kawai ya biya, alhali kuwa ma'adanan da ke cikinsa ɗan ƙaramin kaso ne. Ƙoƙon nono, ko ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, ko miyar kuka da zogale, sun fi shi kawo wa jiki wannan sinadari nesa ba kusa ba.

Inda haɗarin yake

Yanzu mu koma kan halin nan na kama ma'adanai. Fulbik asid ba ya zaɓe. Yadda yake kama sinadarin ƙarfe mai amfani, haka yake kama dalma da sauran masu guba idan suna cikin ƙasar da aka haƙo shi. Wannan ya riga ya faru. Wani kamfani a ƙasar Kanada mai suna Black Oxygen Organics ya riƙa haƙo taɓo daga wata fadama a lardin Ontariyo, yana busarwa yana sayarwa da sunan fulbik asid, ƙunshi ɗaya dala 110. Ta hanyar Facebook da TikTok aka yi ta yaɗa shi, wanda ya saya shi ma ya jawo 'yan'uwa da abokai su saya don ya sami kamasho. Mutane suka riƙa sha, suna wanka da shi, har suna ba yara. A watan Satumba na 2021 hukumar lafiya ta Kanada ta sa aka janye kayan daga kasuwa. A Nuwamba kamfanin ya rufe. A Disamba kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta gargaɗi jama'a kada su sha, domin an sami dalma da asenik da yawa a ciki.

Haka kuma a 2004 wasu likitoci a birnin Boston na Amurka suka sayi magungunan Ayurbeda iri 70 a shaguna suka gwada, suka tarar 14 suna ɗauke da dalma ko zaiba ko asenik. A 2008 suka gwada guda 193 da aka saya ta intanet, aka sake samun kusan ɗaya cikin biyar. Wannan bincike ya shafi magungunan Ayurbeda gaba ɗaya ne, amma ya nuna irin kasuwar da shilajit yake fitowa daga cikinta.

Mu a ƙasar nan ba sai an gaya mana illar dalma ba. A shekarar 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, tana kawo ƙarancin jini, tana taɓa ƙoda, kuma tana ratsawa daga uwa zuwa ɗan da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Yaran Zamfara da aka ceto, likitoci ne suka ba su wani magani na musamman mai suna DMSA da ke fitar da dalma, ana auna jininsu a kai a kai, aka kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajensu. Ga mai lafiya kuwa, hanta da ƙoda su ne suke aikin tace dattin jiki dare da rana.

Wani abin lura shi ne, ma'aikatan gidan ruwa ƙoƙari suke yi su cire wannan abu daga ruwan famfo. A 1974 wani masani a birnin Rotadam na ƙasar Holan, Johannes Rook, ya gano cewa idan kulorin da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi ya haɗu da irin wannan ragowar tsirrai a ruwa, yakan haifar da wasu sinadarai marasa kyau. Shi ya sa yana da amfani a fara sa alif a tace ruwa kafin a zuba kulorin. A wasu yankunan ƙasar Sin da Tibet kuma akwai wata cutar gaɓoɓi da ke hana yara girma, ana kiranta Kashin-Bek, kuma yawan fulbik asid a ruwan sha yana cikin abubuwan da masana suke zargi, tare da ƙarancin sinadarin seleniyam da fumfunar hatsi.

Shawarwari

1. Kada wanda ke shan maganin hawan jini, ko na sukari, ko na tarin fuka, ko na ƙanjamau ya ajiye maganinsa saboda wata kwalba da aka tallata masa.

2. Mata masu ciki, da masu shayarwa, da yara ƙanana, su guje shi gaba ɗaya. Haka masu ciwon ƙoda, da masu sikila da ake yawan ƙara wa jini, domin sinadarin ƙarfe ya riga ya yi musu yawa a jiki.

3. Babban da ya nace sai ya gwada, ya fara nuna wa likita ko mai ilimin haɗa magunguna kwalbar, ya kuma gaya musu sauran magungunan da yake sha. Ɗanyen danƙo da kayan da babu sunan kamfani da adireshi a jikinsu, a bar su.

4. A duba lambar hukumar NAFDAC, amma a fahimci ma'anarta. A kan irin waɗannan kaya, lambar ba shaidar warkarwa ba ce. Shi ya sa za ku ga an rubuta a jikin kwalba cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Kalmar "daga Amurka" ma kada ta ruɗe mu, domin wata doka ta 1994 a can ta ba kamfanoni damar sayar da kayan ƙari kan abinci ba tare da sun fara kawo shaidar cewa suna aiki ba.

5. Idan ɗan'uwa ko abokin zumunci ne ya kawo tallar, mu yi masa bayani cikin ladabi. Sau da yawa shi ma ruɗarsa aka yi, kuma kuɗinsa ya zuba.

Kammalawa

Fulbik asid abu ne na gaske, kuma amfaninsa ga ƙasar noma sananne ne. Amfaninsa ga jikin mutum kuwa yana matakin bincike, abin da aka samu 'yan alamu ne daga ƙananan gwaje-gwaje, alhali haɗarin gurɓatattun kayansa an riga an gan shi a fili. Mai jin kasala da yawan gajiya, ya fi masa ya je asibiti a auna jininsa, domin ƙila zazzaɓin cizon sauro ne, ko tsutsar ciki, ko ƙarancin jini, kuma kowannensu yana da magani sananne mai araha.

An ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Ma'adanan da ake tallata mana da tsada suna nan cikin wake da gyaɗa da hanta da ƙwai, da zogale da rama da alayyafo, da gishiri mai aidin da ke hana maƙoƙo. Lemo ko gwaiba bayan cin abinci suna taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe, shayi a kan abinci kuwa yana rage ɗaukarsa. Idan Mama ko Baba suka miƙo mana kwalba a hutun nan, mu karanta musu a hankali, mu gaya musu abin da muka sani, sannan mu roƙe su su nuna wa likita kafin su sha.